Nikola Tesla: Mutumin da ya ƙara wa wutar lantarki sauri, ya mutu a talauce

Duk wanda ya saba shiga shagon masu walda zai tuna tsohon injinsu, akwatin ƙarfe mai nauyin tsiya wanda sai ƙarti biyu sun kama kafin a ɗaga shi. Yanzu akwai wanda ke yin aiki irin nasa, amma yaron shago zai rataya shi a kafaɗa ya hau babur ya tafi aiki. Haka ma cajar waya. Ta da tana da nauyi a hannu, ta yanzu kuwa kamar babu komai a cikinta.

Dalilin wannan sauyi ɗaya ne. Wutar da ke shigowa gidajenmu, wadda aka saba kira wutar Nepa, tana kai-komo ne a cikin waya sau 50 a kowace daƙiƙa. Sababbin na'urori suna karɓar ta a haka, sai su ƙara mata sauri ta riƙa kai-komo sau dubu 20, ko dubu 50, ko ma fiye, kafin su yi aiki da ita. Idan wuta ta kai wannan sauri, taransifomar da ba ta fi dunƙulen hannu ba tana iya ɗaukar aikin da a da sai mai nauyin kilo da yawa.

Ɗaya daga cikin mutanen farko da suka zauna suka binciki abin da ke faruwa idan an ƙara wa wuta sauri shi ne Nikola Tesla. Wuta mai jinkirin kai-komo ce ta sa ya yi suna, ta kawo masa dukiya. Mai saurin kuwa ita ya ƙwallafa wa rai, kuma a kanta dukiyar ta ƙare.

Ɗan limamin coci

An haifi Tesla ranar 10 ga Yulin 1856 a ƙauyen Smiljan, wanda a lokacin yake ƙarƙashin Daular Austriya, yanzu kuma yana cikin ƙasar Kuroshiya. Iyayensa 'yan ƙabilar Sabiya ne. Mahaifinsa Milutin limamin cocin Orthodox ne. Mahaifiyarsa Djuka ba ta yi karatun boko ba, amma ta iya ƙera kayan aikin gida da hannunta, kuma daga baya Tesla ya riƙa danganta basirarsa da ita.

Shi ne na huɗu cikin 'ya'ya biyar. Yayansa Dane ya rasu a hatsarin doki tun Nikola yana ƙaramin yaro, sai burin gidan ya dawo kansa. Mahaifin yana so ya gaje shi a aikin coci, yaron kuma hankalinsa yana kan lissafi da injuna.

Cuta ce ta raba gardamar. A 1873 kwalara ta kama shi, ya yi wata tara a kwance, har aka fara fid da rai. A cikin wannan jinya mahaifin ya yi masa alkawarin cewa idan ya tashi zai bar shi ya karanci aikin injiniya.

A 1875 ya shiga kwalejin fasaha ta birnin Graz a Austriya. A can ne wani malaminsa, Farfesa Jakob Pöschl, ya nuna wa ɗalibai wani injin lantarki na zamanin. Injin yana da zoben jan ƙarfe da wasu burusai ke gogawa yayin da yake juyawa, wurin yana ta fitar da tartsatsi. Tesla ya ce ana iya yin injin da babu wannan zoben. Malamin ya yi watsi da maganar a gaban aji.

Bai gama kwalejin ba. Ya faɗa caca, ya daina shiga aji, ya bar Graz a 1878 ba tare da takardar shaida ba. Mahaifinsa ya rasu a 1879. Ya ɗan saurari darussa a jami'ar birnin Prague, sannan a 1881 ya sami aiki a ofishin haɗa layukan tarho na Budapest.

Daga Budapest zuwa New York

Kafin a fahimci abin da ya gano a Budapest, sai an san cewa wutar lantarki iri biyu ce. Akwai mai tafiya hanya ɗaya ba ta waiwaye, irin ta batir, wadda masu gyaran wuta ke kira DC. Akwai kuma mai kai-komo, ta yi gaba ta dawo baya, wadda suke kira AC. Yawan kai-komon da take yi a daƙiƙa ɗaya ana auna shi da ma'aunin hertz.

A wancan lokacin injunan lantarki masu amfani duk da DC suke aiki, shi ya sa suke buƙatar wancan zobe mai tartsatsi. Tesla ya ba da labarin cewa a 1882, yana yawo da abokinsa a wani lambun shaƙatawa na Budapest, mafita ta zo masa. Idan aka tura wutar AC guda biyu cikin naɗin waya daban-daban, ɗaya tana ɗan bin bayan ɗaya, ƙarfin maganaɗisun da suke haifarwa zai riƙa zagayawa da kansa. Ƙarfen da ke tsakiya kuma zai bi shi da juyawa, ba zobe, ba burushi.

A shekarar ya koma Paris ya kama aiki a reshen kamfanin Thomas Edison. A Yunin 1884 ya sauka a New York, ya ci gaba da aiki a masana'antar Edison. Wata shida kawai ya yi. Ya ce manajan wurin ya yi masa alkawarin dala 50,000 idan ya inganta wasu injuna, da ya gama kuma aka ce masa wasa ake yi.

Bayan ya bar wurin, wasu 'yan kasuwa biyu suka zuba kuɗi ya kafa kamfanin fitilun titi a garin Rahway na jihar New Jersey. Da fitilun suka fara aiki sai suka yi watsi da shi, suka riƙe haƙƙin mallakar abin da ya ƙirƙira. A 1886 injiniyan da ya zo daga Turai ya koma haƙa ramuka a titi, ana biyan sa dala biyu a yini.

Rikicin 133 da 60

A 1887 wasu mutum biyu, Alfred Brown da Charles Peck, suka ɗauki nauyinsa, aka buɗe masa ɗakin gwaje-gwaje a titin Liberty da ke Manhattan. A nan ya ƙera injin da ya yi shekara biyar yana ɗauke da shi a kai. A Mayun 1888 aka ba shi takardun mallakar ƙirƙirar, ya kuma gabatar da ita a gaban ƙungiyar injiniyoyin lantarki ta Amurka.

Ba shi kaɗai ne a wannan fage ba. Wani farfesa ɗan Italiya, Galileo Ferraris, ya gano irin wannan dabara a nasa ɓangaren, ya wallafa ta a shekarar. A Jamus kuma Mikhail Dolivo-Dobrovolsky na kamfanin AEG ya ƙera injin mai layi uku wanda ya fi kama da na masana'antun yau. Ita kanta wutar AC an san ta tun kafin a haifi Tesla. Abin da ya bambanta shi shi ne ya kawo tsari cikakke, daga janareta har injin, kuma ya yi rajistarsa a Amurka.

Attajirin nan George Westinghouse, wanda ke gasa da Edison a kasuwar wutar lantarki, ya karɓi lasisin a Yulin 1888. Ya biya dala 60,000 a tsabar kuɗi da hannun jari, da la'adar dala biyu da rabi a kan kowane ƙarfin doki na injin da aka sayar. Ya kuma ɗauki Tesla zuwa Pittsburgh a matsayin mai ba da shawara, a kan dala 2,000 duk wata.

A Pittsburgh ne batun saurin wuta ya fara zame masa matsala. Tashoshin Westinghouse suna ba da wuta mai kai-komo sau 133 a daƙiƙa, saboda ta dace da fitilu da ƙananan taransifomomi. Injin Tesla kuwa gudunsa yana bin saurin wutar da aka ba shi, kuma an tsara shi ne a kan kusan 60. Aka yi ta ja-in-ja tsakaninsa da injiniyoyin kamfanin, aikin ya ƙi ci gaba, ya koma New York bayan shekara ɗaya.

Daga baya kamfanin ya sauko zuwa 60, kuma a kan haka Amurka take har yau. Turai ta tsaya a kan 50, daga can ne Najeriya da Nijar da Ghana suka gaji nasu.

Idan aka ƙara sauri fa?

A 1889 Tesla ya je babban baje kolin Paris. A wannan tafiya ya sami labarin gwaje-gwajen Heinrich Hertz, Bajamushen da ya tabbatar da cewa tartsatsin wuta mai saurin kai-komo yana aika igiyoyin da ido ba ya gani ta cikin iska. Ya dawo New York da sabuwar tambaya: me wuta za ta iya yi idan kai-komonta ya tashi daga ɗaruruwa zuwa dubbai?

Akwai dalili na kasuwa. Fitilun titi na lokacin suna haske ne da tartsatsin da ke tsallakawa tsakanin sandunan gawayi biyu, kuma idan an ba su AC suna ƙugi mai damun kunne. Tesla ya lura cewa idan saurin wutar ya haura sosai, ƙarar za ta daina damun mutane.

Akwai kuma dalilin da ya fi wannan girma. A kowane kai-komo, taransifoma tana ɗaukar ɗan ƙarfi daga naɗin waya na farko ta miƙa wa na biyu ta cikin ƙarfen da ke tsakiyarta. Misalin abin kamar mai cika tanki ne da ruwa. Idan sawu kaɗan zai yi a awa ɗaya, dole ya nemi kura cike da jarkoki. Idan kuwa zai iya yin sawu dubu, bokiti ɗaya ya ishe shi. Ƙarfen taransifoma shi ne mazubin, don haka yawan sawu yana rage girmansa.

Hanya ta farko da Tesla ya bi ita ce ta janareta. Ya ƙera wata mai haƙoran maganaɗisu kusan 400 jere a da'ira, yana juya ta da gudu, ta ba shi wuta mai kai-komo sau dubbai a daƙiƙa. A Maris na 1891 ya sami takardar mallaka a kan amfani da irin wannan wuta wajen kashe ƙugin fitilu. Sai dai hanyar tana da iyaka. Ƙarfe ba ya jure gudun da ya wuce kima, kuma wuta mai sauri tana sa baƙin ƙarfe ya yi zafi, ƙarfi mai yawa ya salwanta.

Sai ya sauya dabara, ya nemi hanyar da babu abin da ke juyawa. Ya ɗauki wutar gari ya ɗaga ƙarfinta da taransifoma, ya tara ta a cikin kafasita, wato ma'ajin da ke riƙe caji na ɗan lokaci. Idan ta cika, sai tartsatsi ya tsallake wani ɗan giɓi da ya bari tsakanin ƙarafa biyu. A wannan ɗan lokacin, ƙarfin da aka tara yana safa da marwa tsakanin kafasitar da wani naɗin waya mai kauri, sau dubbai ɗaruruwa a daƙiƙa.

Kusa da wannan naɗin ya ajiye na biyu, mai siririyar waya da zagaye masu yawa, ya daidaita shi yadda saurinsa zai zo daidai da na farkon. Kamar mai tura yaro a lilo ne. Idan turin yana zuwa a daidai lokacinsa, ƙaramin ƙarfi yana kai lilon sama sosai. Haka ƙarfin wutar ke hauhawa a naɗi na biyu har ya kai dubban ɗaruruwan volt.

Wannan ita ce na'urar da ake kira naɗin Tesla, wadda ya yi wa rajista a 1891. Na'ura ce da ke zama a kan teburin aiki, ta karɓi wutar gari mai jinkiri ta mayar da ita mai tsananin sauri. A shekarar ce kuma ya zama ɗan ƙasar Amurka.

Wuta ta bi jikinsa a gaban jama'a

Ranar 20 ga Mayun 1891 ya yi lacca a Kwalejin Columbia ta New York. A farkon 1892 ya maimaita irinta a Landan da Paris. Ya riƙe bututun gilashi a hannu suka kama haske ba tare da wata waya ta taɓa su ba. A wasu laccocin ya bar wuta mai ƙarfin gaske ta bi ta jikinsa, tartsatsi na fita daga yatsunsa, bai faɗi ba.

Bayanin abin shi ne jijiyoyin ɗan Adam ba sa iya bin wutar da ke kai-komo da irin wannan sauri, don haka ba ta fizgar tsoka kamar yadda wutar gida ke yi. Wani likita ɗan Faransa, Arsène d'Arsonval, ya gano haka a daidai wannan lokaci, kuma daga nan aka fara amfani da irin wannan wuta wajen ɗumama sassan jiki a asibiti.

Rashin jin fizga ba ya nufin babu haɗari. Wuta mai sauri tana ƙona nama, har a can ciki, mutum bai ankara ba. Ɓangaren na'urar da ke haɗe da wutar gari kuma yana kisa nan take.

Yayin da sunansa ke ƙara fitowa, kuɗinsa na neman tsayawa. Rikicin kuɗi da ya taso daga Landan a 1890 ya jefa kamfanin Westinghouse cikin matsin bashi. A 1891 Tesla ya amince ya yafe la'adar da ke cikin yarjejeniyarsu. A 1897 kamfanin ya sayi takardun mallakar gaba ɗaya a kan dala 216,000. Kuɗi ne masu yawa a lokacin, amma daga nan bai sake samun kaso daga injin da ya bazu a masana'antun duniya ba.

Tsarin AC kuwa ya yi nasara. Westinghouse ya haskaka babban baje kolin Chicago na 1893. Aka ba shi kwangilar janaretocin tashar ruwa ta Niagara, wadda a Nuwambar 1896 ta fara aika wuta zuwa birnin Buffalo, tafiyar fiye da kilomita 30. Tashar ta zaɓi kai-komo 25 a daƙiƙa, saboda manyan injunan masana'antu sun fi son wuta mai jinkiri.

Ana cikin haka, ranar 13 ga Maris na 1895, gobara ta cinye ɗakin gwaje-gwajensa na New York. Injuna da rubuce-rubuce da aikin shekaru duk suka tafi. Ya sake buɗe wani a titin Houston, inda a 1898 ya fito da ɗan ƙaramin jirgin ruwa da ake sarrafawa daga nesa ba waya, ya nuna shi a dandalin Madison Square Garden.

Hasumiyar da ta cinye dukiya

Burinsa a yanzu ya wuce fitila. Yana so ya aika saƙo da wutar lantarki zuwa ko'ina a duniya ba tare da waya ba, ta cikin ƙasa da sararin sama. A 1899 ya tafi garin Colorado Springs da ke kan tudu, da kuɗin attajiri John Jacob Astor, ya gina naɗin Tesla mafi girma da aka taɓa yi zuwa lokacin. Ya samar da walƙiya mai tsawon mita da yawa. Ya kuma ji wasu sigina a na'urarsa da ya zaci daga wata duniyar suke, maganar da ta sa wasu masana suka fara yi masa kallon mai zuzuta abu.

A 1901 babban mai banki J. P. Morgan ya ba shi dala 150,000. Ya fara gina tashar Wardenclyffe a Shoreham da ke tsibirin Long Island, da hasumiya mai tsayin kusan mita 57. Aikin bai yi nisa ba ya faɗaɗa tsarin, kuɗin suka kasa.

A Disambar shekarar, Guglielmo Marconi ɗan Italiya ya sanar da cewa ya tsallakar da siginar rediyo daga Ingila zuwa Newfoundland, da kayan aikin da ba su kai na Tesla tsada ba. Masu kuɗi suka karkata can. Tesla ya yi ta rubuta wa Morgan wasiƙu yana neman ƙari, Morgan ya ƙi. Zuwa 1906 aiki ya tsaya cik. Ya miƙa takardun filin ga mai otel ɗin Waldorf-Astoria saboda bashin ɗakin da ya tara, aka rushe hasumiyar a 1917.

Ko da an ba shi kuɗin, tsarin yana da aibi a tushensa. Ƙarfin da aka saki ba tare da waya ba yana bazuwa ta ko'ina, abin da ke isa nesa kaɗan ne ƙwarai. Wannan kaɗan ɗin ya isa ɗaukar saƙo, shi ya sa rediyo ya yi aiki. Bai isa juya injin ko haskaka gari ba. Cajin waya ba tare da igiya ba da ake yi a yau yana aiki ne saboda wayar tana kwance a kan faifan cajin, tazarar ba ta fi 'yan milimita ba.

Shekarun ƙarshe

Marconi ya sami kyautar Nobel a 1909 tare da Karl Ferdinand Braun. A 1915 jaridu suka yaɗa cewa za a raba kyautar tsakanin Tesla da Edison, amma ba a ba ko ɗayansu ba. A 1917 ƙungiyar injiniyoyin lantarki ta miƙa wa Tesla babbar lambarta, wadda ke ɗauke da sunan Edison.

Bai taɓa aure ba. Ya yi ta ƙaura daga wannan otel zuwa wancan a New York, yana barin bashi a baya. Kullum yana fita ciyar da tattabaru, yana ɗauko masu rauni ya yi jinyarsu a ɗakinsa. A 1931, da ya cika shekara 75, mujallar Time ta sa hotonsa a bangonta. A bukukuwan ranar haihuwarsa yakan tara 'yan jarida ya sanar da sababbin ƙirƙire-ƙirƙire, har da makamin da ya ce zai iya kakkaɓo jiragen yaƙi daga nesa, amma ba a ga ko ɗaya a aikace ba.

Daga 1934 kamfanin Westinghouse ya riƙa ba shi dala 125 a wata, yana kuma biya masa ɗaki a otel ɗin New Yorker. A 1937 tasi ta buge shi yana tsallaka titi, ya ƙi zuwa asibiti, bai kuma sake komawa daidai ba. Ya mutu shi kaɗai a ɗaki mai lamba 3327 ranar 7 ga Janairun 1943, yana da shekara 86.

Da yake ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, gwamnatin Amurka ta kwashe takardunsa. Farfesa John G. Trump na jami'ar MIT ya duba su, ya ce babu wani abu mai haɗari a ciki. A Yunin shekarar Kotun Ƙolin Amurka ta soke wata muhimmiyar takardar mallaka ta Marconi kan daidaita tashar rediyo, tana mai kafa hujja da ayyukan da Oliver Lodge da John Stone da Tesla suka riga suka yi. Tokar gawarsa tana gidan tarihin da ke ɗauke da sunansa a Belgrade, babban birnin Sabiya. A 1960 aka sa wa ma'aunin ƙarfin maganaɗisu na duniya suna tesla.

Abin da ya rage a kan teburin aiki

Abin da Tesla ya rasa shi ne makunni mai sauri wanda ba ya tartsatsi. A 1947, shekara huɗu bayan mutuwarsa, masu bincike a Bell Labs suka fito da tiransisto, wanda ke yin wannan aiki. Ba shi ya ƙera cajar waya ko injin walda na zamani ba, amma hanyar da suke bi ita ce wadda ya fara sharewa.

Ga yadda suke aiki. Wutar gida mai volt 230 tana shiga, a miƙar da ita ta zama DC, a tara ta a kafasita inda take haura volt 300. Daga nan tiransisto su riƙa kunna ta suna kashewa sau dubbai a daƙiƙa, sai ta zama AC mai sauri, ta ratsa 'yar ƙaramar taransifoma. Haka cajar kwamfuta ke yi, haka yawancin inbatocin sola marasa nauyi, haka murhun girki na zamani mai ɗumama tukunya da maganaɗisu.

Masu aikin katako da ƙarfe ma suna amfani da wannan. Injin Tesla mafi gudu ba ya wuce juyi 3,000 a minti ɗaya a kan wuta mai kai-komo 50. Idan aka sa masa akwatin da ke sauya saurin wuta, ana iya rage gudunsa ko a ƙara. Injunan sassaƙa da aka ƙera domin 400 suna kai juyi 24,000 a minti. Jiragen sama ma da 400 suke aiki, saboda rage nauyin taransifoma da injuna.

Shi kuwa injin da ya hango a lambun Budapest yana cikin fankar silin, da famfon tura ruwa, da yawancin firji. 'Yar kafasitar da mai gyara ke sauyawa idan fanka ta daina gudu, aikinta shi ne samar da waccan wuta ta biyu da ke sa maganaɗisu ya zagaya.

Mai son buɗe irin waɗannan na'urori a gida ko a shago ya kula da abu ɗaya. Babbar kafasitar da ke cikin injin walda ko inbata tana iya riƙe cajin da zai kashe mutum bayan an zare soket. Ƙwararrun masu gyara sukan jira, su auna ta da mita, su sauke cajin kafin su kai hannu.